Magani a Cikin Hula

A layin awon kaya na filin jirgi, wata ma'aikaciyar jirgin sama ta ga wani dattijo yana cusa kwalbar magani can ƙasan akwatinsa.

"Baba, wannan ba na ciwon zuciya ba ne?"

"Yi a hankali, yarinya. Ga 'yata can tana sayen ruwa, ba ta san ina sha ba."

"To sa shi a aljihu mana."

"Ita ke lalube min aljihu. In ta gani an fasa tafiya, ni kuwa jikana nake son gani."

"Baba, in ƙirji ya riƙe ka a sama, kayanmu kaɗan ne: tukunyar oksijin, na'urar farfaɗo da zuciya, sai cigiyar likita cikin fasinjoji. Akwatin nan kuwa ba mai taɓa shi sai an sauka. Na taɓa roƙon matuƙi har da kuka ya sauka saboda wani mara lafiya."

Dattijon ya cire hula, ya jefa kwalbar ciki, ya mayar ya danna.

"In na faɗi, ki fara duba hular."

"Ba jirginku zan hau ba, Baba. 'Yarka za ka gaya wa."