Damin Gambar Iya

Salamu alaikum mai karanta wasiƙunmu, barka da aiki. Daga Janfalan nake rubutowa.

Bana gwamnati ta fara biyan yayana don ya bar ciyawa ta tsaya a saurar gadonmu, ba yanka ba ƙonawa. Iyarmu ta shiga ta yanko damin gamba yadda ta saba, a saƙa mata zana, don ta makewayinta ta ruɓe. Ya ƙwace a bainar jama'a, ya banka masa wuta kada malamin daji ya gani. Ya ce, "Iya, ciyawar nan ta fi ki amfani." Yanzu da zani muke kare ta in za ta yi wanka.

Masu sauraro, in kai shi gaban alƙali, ko in bar shi da bakin uwa?