Ganyen da Tsutsa Ba Ta Ci Ba

Raunina ɗaya ne: duk abin da aka ce yana wanke ciki, sai na gwada. Muna tasha muna jiran mota ta cika, wani dattijo ya leƙa kwandon wata mai tallan ganye.

"Baiwar Allah, na miya ne?"

"Na wankin ciki ne, Baba. Bazara ta shigo, jiki na son a sauke masa dattin shekara. Da hannuna nake tsinkowa."

"A ina?"

"Bayan makaranta, jikin katanga. Duba ka gani, ko huda ɗaya babu. Wanda tsutsa ta ci ba na taɓawa."

Dattijon ya ɗago kai ya dube ta.

"'Yar nan, ni nake feshin maganin ƙwari a wurin, duk Litinin. Shi ya sa tsutsa ta bar miki."

"Na shiga uku. Ran Talata nake zuwa. Har yarana nake ba."

"Kuma yana wanke su?"

"Kwana biyu suke yi suna zaryar bayi, ni kuma ina cewa magani ya karɓe su."

Shekara uku ke nan a wurinta nake saya. Na bana da safen nan na sha, kofi biyu.