Karatun Marigayi a Memori

Ina ta zagaye a tashar Wudil, motar Kano ta ƙi cika, sai na ji wani dattijo da kwamfuta a cinya yana yi wa matar da ke gefensa magana.

"Hajiya, kin iya abin nan? Karatun Alƙur'anin marigayi mahaifina ne a memori, amma antibairos ɗin kwamfutar ya hana ni buɗewa."

"A ina aka tura maka?"

"Wajen masu tura finafinai a kasuwa."

"Ai dole ya hana. Memorin nan ya shiga kwamfuta ɗari kafin taka, ya kwaso cutar da ke lalata kwamfuta."

"Ni dai a kashe shi. Shi wa ya aike shi tsakanina da ubana?"

"Kawo, Malam. Zan kashe, in kwafo karatun kaɗai, in sake kunna antibairos ɗin nan take."

"Ki bar shi a kashe mana, kowa ya huta."

"Haka na ce bara. Hotunan yarana tun suna jarirai, ko ɗaya ban tsira da shi ba."

Dattijon ya miƙa mata kwamfutar.

"To, ki kunna ɗin."

Ta gama, ta danna. Muryar wani tsoho ta fito a hankali.

"Kin ji ya yi gyaran murya?" in ji dattijon, yana murmushi. "Kullum a wannan ayar yake yi."