Kada Baba Ya Ƙara Shiga Ruwa Shi Kaɗai

Assalamu alaikum. Shugaban taro, mai girma Dagaci, Allah ya ja zamaninka, Malam Liman, Sarkin Ruwa da sauran iyayena masunta, malaman asibiti da suka zo mana awon jini, iyaye mata da ke inuwar can, ina gaishe ku duka, ina kuma godiya da aka ba yaro irina dama.

Sunana Nazifi, autan Malam Ɗantani. Karatuna bai yi nisa ba, in na kauce a gyara mini.

Abu na farko, tumbi. Da Baba ya yi ƙiba, barka ake yi mana. Abokin wasansa cewa yake, "Ɗantani, ka cinye kifin Tiga ka bar mu da ƙaya." Da aka ce yana da hawan jini da suga, ya sha magani har ya ji garau, ya ajiye. Mu ma muka ce ya warke, tunda babu inda ke masa ciwo.

Na biyu, mantuwa. Kun san Baba. Mutumin da zai tsai da jirgi a tsakiyar ruwa ya ce nan ne masallacin garinmu da dam ya ci, can kukar kasuwa, kada a jefa raga za ta sarƙe. Shi ne bana ya jefa ragarsa a kan kukar. Shi ne ya fita da hantsi, aka tsince shi da la'asar a wata gaɓar yana tambayar masu shayar da shanu hanyar gida.

Muka kai shi Kano aka ɗauki hoton kansa. Likita ta nuna mini wasu fararen ɗigo, ta ce ƙananan hanyoyin jini ne suka toshe, dangin shanyewar jiki ne, sai dai shi ba ya sallama. Na ce, "Likita, ai bai taɓa faɗuwa ba, bakinsa bai karkace ba." Ta ce haka yake zuwa. Na ce yaushe ya faru? Ta ce wataƙila muna cin tuwo tare. Har yau ina juya maganar nan. Yaya abu zai sami mutum ina kusa da shi ban gani ba? Da safe zai jero gidajen tsohon gari bai tsallake ko ɗaya ba, in ce likita ta yi kuskure. Da yamma ya tambaye ni ko ya yi Azahar.

Ta ce a koma magani, a rage gishiri da zaƙi, kada ya ƙara shiga ruwa shi kaɗai. Wannan na ƙarshe shi ya tsayar da ni a nan. Na ɓoye filafilin da yake tuƙa jirgi da shi, ya ari na maƙwabci. Na ce zan raka shi, ya ce, "Ni na koya maka zama a jirgi, yanzu kai za ka yi gadina?" Ban san ko raini nake yi ba, ban san ko taimako ba ne.

Sarkin Ruwa, maganarka Baba yake ji. Ina roƙonka ka kafa doka a gaban jama'a: duk dattijon da aka auna yau aka ga jininsa ya hau, kada ya tura jirgi sai da mutum na biyu. In dokar ta kowa ce, ba zai ji kunya ba.

Baba, na ga ka sunkuyar da kai. Ka yafe mini, a gida na kasa faɗa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mana hankulanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.