Ciwon Hannu Ya Raba Ni Da Kwanon Jama'a

Assalamu alaikum, Malam mai gabatar da wannan shiri na rediyo. Jiya likita ya shaida mini cewa ciwon hannuna daga wuya yake. Ƙashin wuya ne ya danne wata jijiya mai sauka har yatsu.

Aikina buga tafireta. Da aka ƙirƙiro jiha aka dawo da ni Dutse, iyalina suna Ringim, ni kaɗai nake a ɗakin haya a Limawa. Wata huɗu ke nan zogi na tasowa daga kafaɗar dama, babban yatsa da manuni suna mutuwa. Sau uku wanzami ya kafa mini ƙaho a damtse, ba wanda ya kalli wuyan.

Da magariba mu maƙwabta kwano ɗaya muke ci a ƙofar gida. Yatsuna suka daina riƙe loma, kuma ba zan sa hagu a kwanon jama'a ba, sai na koma ci a ɗaki. Malam Sule, dattijon cikinmu, ya ce, "Akawu, girma ne ya zo, ko miyarmu ce ba gishiri?" Na yi dariya na wuce. In yana saurare, yau ya ji dalili, kuma ina gaishe shi.

Wanda aka taɓa yi wa maganin wannan ciwo, ya taimake ni da shawara: yatsun suna dawowa?

A yi haƙuri da rubutuna, da hagu na yi. Hoton wuyan da aka ɗauka a asibiti yana Kano, sai Talata za a san ko aiki za a yi mini.