'Yan Kallon Hoki Sun Girbe Mini Gero

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Isiyaku manomi, daga wani ƙauye a yankin Tofa.

Nasiru, ɗan maƙwabcina, yana buga hoki a birni, wasan nan da ake kora ƙwallo da sanda. In yana wasa, fili cika yake maƙil. In ba ya nan, ko masu tallar gyaɗa ba sa leƙowa.

Bana babban wasansu ya faɗo lokacin girbin gero, ga mahaifinsa kwance ba lafiya. Nasiru ya ce ba zai taɓa sanda ba sai ya gama girbi. Wallahi yaron ya burge ni!

Sai ga 'yan kallonsa cike da mota, sun zo masa gayya. Ba su san ciyawar gamba ce iyakar gonakinmu ba, suka tsallake ta.

Nasiru ya ce, "Baba Isiyaku, taka suka shiga!"

Na ce, "Ƙyale su, aikin lada ne."

Suka girbe tasu da tawa kaf. Nasiru ya buga wasansa, fili ya cika, har da ni.

Malam, shawara nake nema: in gaya musu gaskiya yanzu, ko in bari sai bayan girbin dawa?