Gangar da Ke Bin Numfashi

Assalamu alaikum. Ina gaida shugaban wannan gidan wasa, da Hajji Abdussabur yayan marigayiya, da 'yarta Rawiya, da Dakta Midhat da aka ɗora a kan makarantarta ta rawa, sannan ku ɗalibanta. Ni ne Shahata mai ganga. Ban yi boko ba. Maƙwabcina na faɗa wa ya rubuta wannan, na sa ya karanta min sau uku don kada ya gyara min magana.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina yi wa marigayiya Sitti Insaf, wato Uwargida Insaf, kiɗa a nan Iskandariyya. Ranar farko na tarar da mata ba takalmi suna zubewa ƙasa suna tashi. Na ce, "Sitti, rawa ce ko farfaɗiya?" Ta ce, "Rufe baki ka buɗe ido, Ammu Shahata, baffana. A nan ganga ce ke bin mutum."

Ta kasance mai koya wa 'ya'yanmu faɗuwa kafin tsayuwa. Ta kasance mai buɗe wa 'ya'yan masunta ƙofarta kyauta duk Juma'a. Ta kasance tana sa ni kallon haƙarƙarin mai rawa: sai ta saki numfashi, cikinta ya lotsa, sannan in buga. Yau da wuri, gobe a makare, gwargwadon abin da ke cin ranta.

Kwana tara da binne ta, sai ga Dakta a gidana da kwalin kayan zaƙi na basbusa da na'urar ɗaukar sauti. Shekara goma bai taɓa neman ƙofata ba. Ya ce, "Don tarihi ne, Ammu." Na ce, "Tarihin ne ya cire sunan makaɗi daga sanarwar wasan bazara?" Ya ce, "Yaushe ka fara karatu?" Na ce, "Na dai san kamannin sunana." Sai ya koma yabon shayi.

Ban ce yana da mugun nufi ba. Ina dai kallo: so ake a ɗauki kiɗana a riƙa kunnawa a madadin makaɗi. Ranar da aka kunna kiɗan na'ura, yaran nan za su koma ƙirge suna bin sauti a guje, domin na'ura ba ta ganin haƙarƙari. Ranar za mu sake binne Insaf.

Rawiya 'yata, maganarki ce ta ƙarshe a makarantar nan. Ba kujerata nake karewa ba, yatsuna sun fara sanƙarewa. Turo min mutum biyu masu haƙuri, in koya musu ido kafin hannu. Na'ura kuwa, ko ke kika kawo ta, ba zan buga mata ba.

Na gode da kuka jure ni. Allah ya jiƙan Insaf, ya yalwata makwancinta, ya sanyaya zukatanku. Ni kuma ya ara min kwanakin da zan sauke abin da ta bar min. Amin.